Wasan kurket na yara: yaro da hauyarsa, babba da tasa

Akwai wata muhawara da aka daɗe ana yi a ƙasashen da suke buga wasan kurket, watau Ingila, Ostareliya, Indiya, Afirka ta Kudu da ire-irensu. Tambayar ita ce: yaro ɗan shekara takwas ko goma, shin a sa shi ya buga wasan da dokokin manya yadda suke, ko kuwa a rage masa fili, a sauƙaƙa masa ƙwallo, a sassauta masa doka? Wasan baƙo ne a gare mu, gaskiya ne, amma ya iso bakin ƙofarmu. Maƙwabtanmu na Najeriya sun fi shekara ɗari suna buga shi, Mali da Kamaru da Kodebuwa sun shiga ƙungiyarsa ta duniya, kuma a shekarar 2023 kwamitin wasannin Olimpik ya tsai da shawarar sa shi cikin wasannin 2028 a birnin Los Anjeles na Amurka. Ra'ayina a kan wannan magana shi ne: waɗanda suka gyara wasan daidai da ƙarfin yaro su ne suka yi daidai, kuma mafi muhimmancin gyaran yana ga dokar da ke fitar da yaro daga wasa tun kuskurensa na farko.

Yadda wasan yake

Sai mu fara bayyana wasan a taƙaice domin wanda bai taɓa ganinsa ba. Ƙungiya biyu ne, kowace da mutum goma sha ɗaya. A tsakiyar wani babban fili ana share wani ziri mai tsawon metir 20 da santimetir 12, a kafa turaku uku a kowane ƙarshensa, tsayinsu santimetir 71. Mai jifa ya rugo da gudu ya jefo ƙwallo da miƙaƙƙen hannu, yana neman ya kayar da turakun. Mai duka yana tsaye gabansu da faffaɗar sanda, yana kare su, yana neman ya kora ƙwallon nesa. In ya kora shi, shi da abokinsa da ke ɗaya ƙarshen su yi musayar wuri da gudu, kowace musaya maki ɗaya. In ƙwallon ya gangara har ya ƙetare iyakar fili, maki huɗu. In ya ƙetare ta sama bai taɓa ƙasa ba, maki shida. Jifa shida shi ne zubi ɗaya, daga nan wani mai jifa ya karɓa. Sauran mutanen ƙungiyar mai jifa suna warwatse cikin fili suna taron ƙwallo.

Ga kuma dokar da ta bambanta kurket da yawancin wasanni. In aka kayar da turakun mai duka, ko wani ya cafe ƙwallon da ya doka kafin ya taɓa ƙasa, to ya fita kenan, ba ya sake riƙe sanda a wannan zagaye. A ƙwallon ƙafa, wanda ya ɓarar da dama zai samu wata bayan minti biyu. A kurket kuwa kuskure ɗaya ya isa ya mai da mutum ɗan kallo har yamma.

Ma'aunin manya a jikin yaro

Tsawon nan na metir 20 yana cikin tsofaffin dokokin wasan da aka rubuta a Ingila a 1744, kuma daidai yake da tsawon sarƙar da masu awon gonaki na can suke aiki da ita a wancan zamani. Watau an ɗauko shi ne daga abin da ke hannu, an kuma auna shi da ƙarfin ƙarti majiya ƙarfi. Bari mu yi lissafi. Mutumin da tsayinsa ya kai metir 1 da santimetir 80, zirin ya ninka tsayinsa sau goma sha ɗaya. Yaron da tsayinsa yake metir 1 da santimetir 35, zirin ya ninka tsayinsa kusan sau goma sha biyar. Tilasta ma wannan yaro ya yi jifa a nan daidai yake da a ce ma babba ya yi jifa daga metir 27, abin da babu gwanin da zai yarda da shi.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya horar da yara. Tunda ƙarfin yaron bai kai ba, sai ya cilla ƙwallon sama kamar mai jifan tsuntsu, ko ƙwallon ya yi tsalle biyu ko uku kafin ya isa, ko ya bauɗe gefe inda sanda ba ta kai. Wani kuma ya lanƙwashe gwiwar hannu domin ya ƙara ƙarfi, alhali kuwa doka ta hana wannan, kuma ɗabi'ar da hannu ya koya da ƙuruciya wuyar kankarewa gare ta. Mai duka yana tsaye ba abin da zai doka. Masu taro suna tsaye bakin iyaka cikin rana, ƙwallo bai zo inda suke ba ko sau ɗaya. A ƙarshe makin da aka samu ta hanyar tarar jifan da ya bauɗe ya kan fi wanda aka samu da sanda. Ana kiran wannan wasa, amma babu wanda ya koyi jifa, ko duka, ko taro.

Sai maganar ƙwallon kansa. Na manya ana yin sa da toton icce, a naɗe da zare, a rufe da fata, nauyinsa tsakanin garam 156 da 163, taurinsa kamar dutse. Gwanayen jifa su kan sake shi da gudun da ya wuce kilometir 140 a awa, har Shoaib Akhtar na Pakistan ya kai 161 a shekarar 2003. A watan Nuwamba na 2014, Phillip Hughes, ɗan wasan Ostareliya mai shekara 25, ya rasu bayan ƙwallo ya same shi a wuya a filin Sidni, ko da yake yana sanye da hular kwano. Yaro ba ya jifa da irin wannan ƙarfi, amma yatsa da haƙori da ƙwaurin yaro su ma ba na babba ba ne. Wanda ƙwallo ya fasa ma leɓe ranar farko, abin da ya koya shi ne gocewa, kuma mai gocewa ba ya zama mai duka.

Kwana biyu ana jifan yaro ɗaya

Akwai wani labari da ya zagaya duniya a watan Janairu na 2016. A garin Kalyan kusa da Mumbai, cikin wata gasar makarantu, wani saurayi ɗan shekara 15 mai suna Pranav Dhanawade ya riƙe sanda kwana biyu ba a fitar da shi ba, ya tara maki 1009 shi kaɗai. Ƙungiyarsa ta tsaya a 1465. Ɗaya makarantar, wadda manyan ƴan wasanta suka tafi jarrabawa har ta cike gurbi da ƙananan yara, ta samu 31 a zagayen farko, 52 a na biyu. Jaridu sun yi ta yabo, kuma saurayin ya cancanci yabo a kan juriyarsa, ba shi ne ya rubuta doka ba. Amma sai mu ƙirga sauran yaran. Daga cikin abokansa akwai shida da ba su taɓa sanda ba ko kaɗan. A ɗaya ɓangaren akwai yara goma sha ɗaya da suka yini biyu suna tsinto ƙwallo daga bayan iyaka. Doka ba ta karye ba a wannan wasa, an bi ta sau da ƙafa, kuma wannan shi ne abin dubawa: dokar manya, in aka ɗora ta kan yara, ita da kanta take tara duk rabon a hannun mutum ɗaya.

Irin wannan yana faruwa kowane mako a ƙaramin sikeli, ba tare da jarida ta ji ba. Yaron da ya riga tsaransa girma shi ke shiga farko, shi ke cinye yawancin jifa, shi kuma ake ba ƙwallo ya jefa. Ƙaramin cikinsu shi ne na goma ko na goma sha ɗaya. Ko dai lokaci ya ƙare bai shiga ba, ko ya shiga a fitar da shi a jifan farko. Wanda ya iya yana ƙara samun abin da zai ƙara masa iyawa, wanda bai iya ba an hana shi hanyar koyo. Uban da ya rako ɗansa sau uku ya ga haka, karo na huɗu ba zai kawo shi ba. Tsohon kyaftin na Indiya, Rahul Dravid, ya taɓo wannan a wani jawabi da ya yi a 2015, inda ya nemi a tsara wasannin yara yadda kowa zai samu shiga, har da cewa mai duka ya ba wani wuri in ya kai wani adadi.

Abin da aka gyara

Gyaran ya faro ne tun shekarun 1980. Afirka ta Kudu ta buɗe ƙaramin kurket na ƴan lakwal a farkon waɗannan shekaru, Ostareliya ta fito da nata mai suna Kanga a 1984, Ingila ta bi da Kwik a 1988. Duka suna aiki da sandar roba ko ta icce marar nauyi, da ƙwallo mai taushi, da turakun da ake ɗauka a aje ko'ina, ko a farfajiyar makaranta.

Tsarin da ya fi yaɗuwa a Ingila shi ne na biyu-biyu. Yara takwas ne a ƙungiya, a raba su gida huɗu. Kowane biyu suna da adadin zubin da za su yi duka, a fitar da su ko kada a fitar. Ƙungiya tana farawa da jarin maki 200. Duk lokacin da aka kayar da turakun yaro ko aka cafe ƙwallonsa, sai a zabge maki biyar daga jarin, su yi musayar wuri da abokinsa, wasa ya ci gaba. Kowane yaro yana da zubin da zai jefa, ba a bar ma gwani ɗaya ko biyu. Jifan da ya bauɗe ba a maimaita shi, sai a ƙara ma masu duka maki biyu, domin kada a tsai da yaro gaban jama'a yana ta maimaita abin da ya gagare shi har ya yi kuka.

Ostareliya ta ƙara faɗaɗa abin bayan ta gwada shi a ƙungiyoyi da dama, ta shimfiɗa shi daga kakar 2017 zuwa 2018 a matakai uku. A matakin farko, na ƴan ƙasa da shekara goma sha ɗaya, yara bakwai ne a ƙungiya, ziri metir 16, iyaka ba ta wuce metir 40 ba, zubi ashirin. Zubi ashirin jifa 120 kenan, in aka raba ma yara bakwai kowa ya tashi da 17, ko an fitar da shi sau nawa. A mataki na biyu, na ƴan sha biyu da sha uku, yara tara ne, ziri metir 18, kuma a nan dokar fita ta dawo, sai dai wanda ya daɗe yana duka ana dakatar da shi ya ba na baya wuri. A mataki na uku ne ake komawa mutum goma sha ɗaya da cikakken ziri. Hukumar kurket ta Ingila ita ma ta rage tsawon ziri a shekarun 2018 da 2019: kimanin metir 13 da rabi ga ƴan ƙasa da tara, 15 da rabi ga ƴan ƙasa da sha ɗaya, 17 da rabi ga ƴan ƙasa da sha uku. In muka koma ga lissafinmu na ɗazu, metir 15 da rabi ya ninka tsayin yaron nan sau goma sha ɗaya da rabi, watau kusan yadda babba yake a nasa ziri. Ashe rage zirin shi ne ya mai da wasan yaro ya yi kama da na babba.

Rage yawan ƴan wasa ma yana da hikimarsa. In masu taro sun ragu, giɓi ya kan buɗe a fili, ƙwallon da yaro ya doka ya samu hanya, shi ma mai taro dole ya yi gudu ya tare maimakon tsayuwa. Har ila yau an sa dokokin kiyaye lafiya. Tun shekarar 2000 hukumar Ingila ta ce duk wanda bai kai sha takwas ba ya sa hular kwano in zai fuskanci ƙwallo mai tauri. Ta hana ƙananan yara tsayawa taro kusa da mai duka, ta kuma ƙayyade yawan zubin da yaro mai jifa da ƙarfi zai yi a jere da kuma a yini, domin ƙashin bayan da bai gama ƙwari ba ya kan tsage in aka matsa masa.

Abin da masu suka ke cewa

Ba kowa ne ya yi na'am da wannan ba, kuma hujjojin masu suka ba na banza ba ne. Na farko suna cewa: an ɓata wasan kakanni, wannan ba kurket ba ne. Amsar tana cikin tarihin wasan. Da can turaku biyu ne, sai wajen 1775 aka ƙara na uku. Da ta ƙasa ake mirgino ƙwallo, sai 1864 aka halatta jifa ta saman kafaɗa. Zubi ya taɓa zama jifa huɗu, ya koma biyar a 1889, ya koma shida a 1900, a Ostareliya kuwa takwas ne har ƙarshen shekarun 1970. A 1939 Ingila da Afirka ta Kudu sun fara wasa a Durban ran 3 ga Maris, har ran 14 ba a gama ba, aka tashi babu gwani domin jirgin ruwan Ingilawa zai tashi. Manya suka ga ba su iyawa, suka tsai da kwana biyar. A 1971 suka fara na yini ɗaya tsakanin ƙasashe. A 2003 suka ƙago na zubi ashirin da ake gamawa cikin awa uku, kuma shi ne za a buga a 2028. Hatta wasan Olimpik na Paris a 1900, tsakanin Birtaniya da Faransa, mutum goma sha biyu-biyu aka buga shi. To, in manya sun yi ta gyaran doka domin jin daɗin ƴan kallo da masu talabijin, da wace hujja za a ce ba a gyara ta domin yaro?

Na biyu suna cewa: Don Bradman da Sachin Tendulkar ba su bi ta wannan hanya ba, ga shi sun zama abin da suka zama. Gaskiya ne Tendulkar ya buga ma Indiya yana ɗan shekara 16 a 1989. Amma ba a tsara makaranta domin yaro ɗaya cikin miliyan, wanda ko an rufe ƙofa zai shigo ta taga. Bugu da ƙari, Bradman da kansa ya koyi duka ne da ƙaramin ƙwallon golf da turke ɗaya, yana buga shi jikin gindin tankin ruwa a gidansu a garin Bowral, sau ɗaruruwa a yini, ba mai fitar da shi. A titunan Karaci na Pakistan yara suna naɗe ƙwallon tanis da salatif ɗin lantarki su yi jifa da shi, kuma manyan masu jifa na ƙasar da yawa daga nan suka taso. A lungunan Indiya yara suna da dokokinsu: wanda ya kora ƙwallo gidan maƙwabta ya fita, wanda ya cafe da hannu ɗaya bayan tsalle ɗaya ya fitar. Watau yara, in an bar su, su da kansu suke gyara wasa daidai da filinsu da yawansu. Manya ne suke zuwa da littafin doka su ƙwace musu.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi. Suna cewa: ran kurket shi ne tsoron fita. Shi ke koya ma yaro haƙuri, da zaɓen ƙwallon da zai doka da wanda zai ƙyale, da ɗaukar sakamakon kuskurensa. Yaron da ya saba ba a fitar da shi zai tashi yana kaɗa sanda barkatai. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma saboda ita ne nake ganin tilas a riƙe abu biyu. Na ɗaya, kada a soke horo gaba ɗaya: maki biyar ɗin nan da ake zabgewa yana da zafi, domin yaro yana ganin jarin ƙungiyarsa na raguwa saboda shi, abokansa kuma suna kallo. An bar masa ciwon kuskure, an kuma bar masa damar gyara shi a jifa na gaba, lokacin da abin yake sabo a hannunsa. Na biyu, sassaucin ya kasance da wa'adi. In yaro ya kai sha biyu ko sha uku, dokar fita ta dawo, ƙwallo mai tauri ya shigo sannu a hankali, ziri ya ƙaru taki-taki. Matakala ce ake hawa, kuma ƙungiyar da ta bar yaro a matakin farko har ya yi gemu ta cuce shi kamar wadda ta jefa shi a na ƙarshe tun ranar farko. Haƙurin da ake so yaro ya koya, yana koyonsa ne da sanda a hannu. Wanda ke zaune gindin inuwa tun jifan farko jira kawai ya koya.

Inda ya kamata a yi hattara

Akwai wani aibi da ba a cika faɗi ba. Yawancin shirye-shiryen nan suna zuwa ne da jaka, da riga, da sandar roba mai tambarin kamfani, kuma a wasu wurare sai uba ya biya kuɗin rajista. Shirin All Stars da Ingila ta buɗe a 2017 domin ƴan shekara biyar zuwa takwas, da Dynamos na 2021 domin ƴan takwas zuwa sha ɗaya, irin wannan siffa gare su. Haɗarin shi ne ƙasashe matalauta su ɗauka gyaran yana cikin jakar, su zauna jiran a aiko musu da ita. Alhali kuwa abin da ya fi amfani a cikin tsarin ba a sayensa: auna ziri da taki, raba jifa daidai, ba kowa zubinsa. Malami ɗaya da ƙwallon tanis da guntun katako ya isa.

Amfanin buɗe ƙofa da faɗi ya bayyana a Afirka ta Kudu. Makhaya Ntini yaro ne mai kiwon shanu a ƙauyen Mdingi, ba shi da ko takalmi, lokacin da wani jami'in yaɗa wasan a karkara ya gan shi yana jifa. A 1998 ya zama baƙar fata na farko da ya buga ma ƙasarsa wasan kwana biyar, ya buga irinsa 101, ya fitar da masu duka 390. Da ana jiran sai wanda ke da fili mai ciyawa da kayan fata, da har yau ba a san sunansa ba. A Najeriya, inda Legas ta kara da Gwalkwas tun 1904, inda kuma ɗaliban Kwalejin Katsina suka buga wasan tun shekarun 1920, an maida hankali ga ƴan makaranta, kuma ran 20 ga Janairu 2025 ƴan matan ƙasar ƴan ƙasa da sha tara suka doke Niyuzilan da maki biyu a gasar duniya a Maleshiya. A ɗaya gefen, matan Mali duka sun fita da maki 6 kacal gaban Ruwanda a 2019, mazan Kodebuwa sun fita da 7 gaban Najeriya a 2024. Ba abin dariya ba ne, sababbin shiga ne, kuma kowa da rarrafe ya tashi. Amma darasin a fili yake: ba a fafe gora ranar tafiya, ƙungiyar ƙasa ana gina ta ne shekara goma kafin ranar wasa, a farfajiyar lakwal, da yaran da aka ba dama su yi kuskure sau dubu.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ko da wasan baƙo ne. Manomi ba ya miƙa ma ɗansa ɗan shekara bakwai hauyarsa. Ya kan je wurin maƙeri a ƙera masa ƴar ƙarama, a yanka masa ɗan gefe a gona, kuma in ya sare tushen hatsi ba a kore shi gida, ana nuna masa ya sake. A fagen kokowa yaro da tsaransa ake haɗa shi, wanda aka kayar ya kaɗe ƙura ya sake fitowa. A makarantar allo da babbaƙu ake farawa kafin farfaru. A ajin yaƙi da jahilci ma, wanda ya kasa rubuta baƙi ranar farko ba a ce masa ya koma gida sai baɗi. Saboda haka ina kira ga malamai da shugabannin matasa da ma'aikatan da ke kula da wasannin makarantu, ko wane wasa ne ke hannunsu, in sun tashi auna nasarar yini, kada su tsaya ga wanda ya ci. Su ƙirga sau nawa ƙwallo ya taɓa hannun yaron da ya fi kowa ƙanƙanta, su kuma duba ko ya dawo mako mai zuwa. In ranar ta zo da kurket zai shigo makarantunmu, to ya shigo da ma'aunin yara tun farko, kada mu maimaita abin da masu shi suka sha wuyar gyarawa.

Allah ya raya mana ɗiyanmu, ya ba magabata basirar yi musu adalci.